Dare ya daina zama sutura ga namun daji

Hausawa sun yi wa dare kirari biyu masu karo da juna. Sun ce dare mahutar bawa, sun kuma ce dare rigar mugu. Ga namun daji dukan maganganun biyu gaskiya ne, domin cikin duhu ne barewa ke samun sararin kiwo ba tare da fargabar mutum ba, cikin duhun nan ne kuma maharbi ke ɗaura cocila a goshi ya shiga daji. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa tafiyar dare a mota tsakanin Damagaram da Gure ya san abin da fitila ke yi wa dabba: idanu biyu su yi ƙyalli a bakin hanya, dabbar ta ƙame kamar an dasa ta, ta kasa gaba ta kasa baya. Shekaru aru-aru, wanda duk ke son ganin dabba da dare sai ya haska ta, kuma wanda ya haska ta, galibi kashe ta ya zo yi.

Wannan ita ce matsalar da masu ɗaukar fim ɗin namun daji suka daɗe suna fama da ita. Idan suka kunna manyan fitilu, zaki ya fasa farauta, ko kuma hasken ya makantar da abin da ake farauta, hoton da aka samu ya zama na dabbar da aka firgita, ba na halinta na gaskiya ba. Maganin ya samo asali tun shekara ta 1800, lokacin da masanin taurari William Herschel, a ƙasar Ingila, ya raba hasken rana zuwa launukansa, ya aza ma'aunin zafi a gaba da jan launi, wurin da ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Ya gano ke nan akwai wani haske ɓoyayye a bayan ja, wanda Faransawa ke kira infrarouge. Shi ne ke fita daga ɗan abin da ake canza tashar telebijin da shi daga nesa.

Kamerorin dare iri uku ne, kuma kowace da irin ganinta. Ta farko tana aiki da fitilun wannan ɓoyayyen haske. Ana haska daji da su, kamera na gani tar, amma mutum da yawancin dabbobi masu shayarwa duhu kawai suke gani. Hotonta baƙi da fari ne, idanun dabba kuma su fito kamar garwashi. Ta biyu ba ta haska komai, sai dai ta tattara ɗan hasken wata da na taurari ta ninka shi. Aikin ba ƙarami ba ne, tun da hasken wata ɗan daren sha huɗu ya gaza na rana har kusan sau dubu 400. Saboda haka ma'aikatan fim ke lissafin kwanan wata kamar masu jiran salla, domin darare kaɗan ne cikin wata ke ba su hoto mai launi. Ta uku ba ruwanta da haske ko kaɗan: zafin jiki take gani. Duk abin da ke da jini a jika yana fitowa fari a cikin baƙin daji, ko da ya laɓe cikin ciyawa. Amma ita ma tana da iyakarta, domin ba ta gani ta cikin gilashi, kuma dutsen da ya sha rana yakan kwana yana haske kamar mai rai.

Da waɗannan kayan aiki aka ga abubuwan da a da sai dai a ji su a bakin mafarauta. A shekara ta 2006 gidan telebijin na BBC ya nuna shirin Planet Earth, wanda a cikinsa garken zakuna kimanin 30 suka kayar da giwa cikin dare a Savuti, ƙasar Botswana. A 2013 shirin Africa na wannan gida ya nuna karkanda, wadda aka sani da ƙin zama da ƴan uwanta, tana taruwa da su a bakin tafki da dare, suna shinshinar juna cikin lumana. A 2016 kamerar zafin jiki ta kama damisa tana farautar aladu a gefen unguwannin birnin Mumbai na ƙasar Indiya, mutane na barci a kusa. A 2020 kuma shirin Night on Earth na Netflix ya nuna rabbi, dabbar nan mai kama da damisa da ake kira guépard, yana farauta a farin wata, alhali an daɗe ana ɗaukarsa mafaraucin rana.

Ba don nishaɗi kaɗai ake wannan wahala ba. A 2018 mujallar kimiyya ta Science ta buga wani nazari da ya haɗa bincike 76 a kan dabbobi iri 62 daga sassan duniya. Abin da ya nuna shi ne, inda duk mutum ya matsa da noma, ko farauta, ko hanyar mota, dabbobi na ƙara mayar da harkokinsu zuwa dare. Wato dare ya zama mafakarsu ta ƙarshe. Wanda ya ƙidaya namun daji da rana kaɗai, ya yi kamar mai ƙidayar ƴan kasuwa bayan kasuwa ta watse.

A nan ne maganar ta shafi Nijar kai tsaye. A tsaunukan Termit, arewa maso gabas da Damagaram, inda zafin rana ke kai awo 45 kuma babu ruwan da ke kwance, makiyaya sun daɗe suna ganin sawun rabbi a kan rairayi, amma ganin dabbar da ido sai mai sa'a. Masu bincike na ƙungiyar Sahara Conservation Fund suka girke ƙananan kamerori masu ɗaukar hoto da kansu. Akwati ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, ana ɗaure shi a jikin itace ko dutse. Yana da na'urar da ke jin motsin abu mai ɗumi, da zarar dabba ta gifta sai ya ɗauka, ya adana, ya ci gaba da jira har makonni. Sau da yawa iska ce ke kaɗa ciyawa ya cika da hotunan banza, ga ƙura, ga zafin da ke cinye batir. Amma a ƙarshen shekara ta 2010 aka fitar da hoton da ake nema: rabbi siriri, mai hasken fata, yana tafiya cikin dare. A lokacin masu binciken sun ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a yankin ba su kai 10 ba.

Ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sanin darajar irin wannan hoto, domin ya san abin da babu shi cikin dosiye, babu shi wurin hukuma. Ɗan kasuwa ma ya san ba a taya hajar da ba a gani ba. Sawu a kan rairayi iska na shafe shi kafin gari ya waye, maganar makiyayi kuma ana iya cewa ji ya yi. Hoto mai ɗauke da rana da sa'a shaida ce, gani kuwa ya kori ji. A 2012 gwamnatin Nijar ta kafa gandun Termit da Tin Tumma, mai faɗin kusan murabba'in kilomita dubu 97 a lokacin kafa shi. Duk da haka, wani ƙidayar da aka yi a 2016 warwaji 3 kacal ya gano a yankin. Mariri kuwa, wanda a da ke yawo garke-garke a Sahel, ya ɓace daga Nijar tun kafin irin waɗannan kamerori su yaɗu, har aka bayyana a shekara ta 2000 cewa babu sauransa a daji ko'ina. Sai a 2016 aka fara mayar da shi ƙasar Cadi daga waɗanda aka kiwata a killace.

Sai dai wuƙar da ke yanka nama ita ce ke yanka hannu. Na'urar ganin zafin jiki da mai fim ke ɗorawa a kan ƙafafu uku, irinta ce ake sayarwa domin a ɗora a kan bindiga. Dabbar da a da duhu ke rufa mata asiri, yanzu ɗumin jininta ne ke tona ta. Shi ya sa masu bincike da masu fim kan ɓoye sunan tafki ko kwazazzabon da suka yi aiki, su goge alamar wurin daga hoto kafin su fitar da shi. Ma'aikacin gandun daji da ke sintiri da cocila, idan ya haɗu da ɓarawon nama mai irin wannan ido, an riga an fi ƙarfinsa tun kafin a fara.

Saboda haka tambayar da ke gaban hukumomi da jama'a ba ta ko za a ga cikin dare ba ce, wannan an riga an wuce wurin. Tambayar ita ce hannun wa idon zai shiga, kuma me za a yi da abin da aka gani. Ya kamata kayan su fara isa hannun masu tsaron daji da makiyayan da suka san kowane sawu, a koya masu aiki da su, a kuma ajiye hotunan a cikin ƙasa, inda ɗalibai da masu yanke shawara za su same su. In ba haka ba, hoton rabbin Termit zai zama irin hoton da ake ratayewa a bangon zaure bayan mai shi ya rasu.