Kwana Biyu A Rumfar Mai Gyaran Keke A Tamale

A ƙarshen damina muka tashi daga Zangon Kumasi mu uku, muka nufi Tamale don mu gai da wani kawunmu da ya daɗe a can yana noma. Tafiyar ta kusa kilomita 400, ta Techiman da Kintampo, a haye Baƙar Bolta a Buipe, a haye Farar Bolta a Yapei. Tun daga Kintampo daji yake fara buɗewa, manyan itatuwa su ja da baya, sai kaɗanya da kuka da ɗorawa, har mutum ya shiga gari.

Abin da ya fara ɗaukar hankalinmu a Tamale shi ne keke. Garin shimfiɗaɗɗe ne, ba hawa ba gangara sosai, ga shi an ware wa masu keke hanyarsu a gefen manyan tituna, abin da ba mu saba gani ba a Kumasi. Da safe sai ka ga ɗan makaranta da malaminsa kowa a kan nasa, ga tsohuwa ta ɗaura buhun gawayi a baya tana tuƙi hankali kwance, ga manomi da fartanya a rataye. Gaskiya ne babura da 'yan kurkurar nan da ake kira yalo-yalo sun cika gari yanzu, amma har yau talakan ƙauye da kekensa yake shigowa kasuwar Aboabo. Garin na Dagomba ne, Turawan Ingila suka mayar da hedkwatar mulkinsu na arewa can daga Gambaga a 1907, Hausawa kuwa suna da zangonsu a tsakiyar gari. In aka ce maka "Dasiba" da safe, ka amsa da "Naa", shi ke nan an zama 'yan uwa.

Mun tarar da Kawu cikin damuwa. Kekensa, wani tsohon Phoenix baƙi na ƙasar Sin, ya ƙi tafiya, alhali masara ta isa girbi, gonar kuwa tafiyar sa'a biyu ce a ƙafa, shi kuma gwiwa ta fara ba shi wahala. Ciwon yana can ƙasan firem, wato gidan boris inda sandar feda take juyawa. In aka taka feda sai a ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Mu kuwa da ƙuruciya da son gwaninta muka ce, "Kawu, kwantar da hankalinka, wannan ai aikin yamma ɗaya ne." Muka buge kota muka cire ƙafafun feda, muka kwance kofin hagu, muka zare sandar, boris suka zubo jajaye da tsatsa. Saura kofin dama, na wajen sarƙa. Nan gizo ke saƙar. Muka sa sufana muka murɗa hagu yadda ake kwance kowane noti, ko motsi. Muka hau sufanar da ƙafa, muka bi ta da guduma, har gefen kofin ya fara lallacewa, sufana tana zamewa. Kawu yana zaune a kan tabarma yana kallonmu, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Washegari muka ɗauki firem ɗin a ka, muka kai shi wata rumfa kusa da kasuwa, inda wani dattijo yake aiki da yara uku. Rumfar kwano ce kawai da benci, amma an rataye tayoyi da sarƙoƙi har ba ka ganin rufin, ƙasa kuma ta yi baƙi da mai na shekara da shekaru. Bayan gaisuwa ya juya firem ɗin, ya shafa kofin da babban yatsa, ya ce da Hausa, "Samari, wane gefe kuka murɗa?" Muka nuna masa. Ya yi murmushi ya ce, "To, ai ƙara ɗaure shi kuka kwana yi."

Ashe kofin dama na irin wannan keke zarensa na hagu ne, wato tsarin Ingila. Ana kwance shi ne yadda hannun agogo yake tafiya, ko a ce yadda feda take juyawa in ana tafiya gaba. Dalili kuwa shi ne, sa'ad da sandar take juyawa gaba, boris suna tura kofin baya a hankali, da zarensa irin na kullum ne da sai ya riƙa kwance kansa a kan hanya. Baba ya ƙara mana da cewa ba duk keke ba ne haka. Tsofaffin kekunan Faransa, irin waɗanda suke shigowa ta Togo da Burkina, da yawansu zaren dama ne a gefe biyun, haka ma na Italiya. Tsohon Raleigh kuma haƙoran zarensa 26 ne a inci ɗaya maimakon 24 na sauran kekunan tsarin Ingila, shi ya sa kofin wani keke ba ya shiga nasa. Saboda haka kafin ya ɗauki sufana sai ya fara sanin asalin keken tukuna. Mun ga wannan ilmi ne sosai, ko da yake ba a allo aka rubuta shi ba.

Amma ko da aka murɗa ta hanyar da ta dace, kofin bai motsa ba. Baba ya ce ruwan damina ne yake bin bututun sirdi ya gangaro ya kwanta a nan, ya wanke giris, shekara bayan shekara, har tsatsa ta haɗe ƙarfe da ƙarfe. Muka ce a kai wa mai walda ya ƙona shi. Ya ce wuta tana aiki, amma tana cin fenti, kuma a hannun mai gaggawa takan lalata wurin, in kuwa zaren firem ya cinye, to keke ya zama na 'yan gwangwan. Sai ya kwantar da firem ɗin gefen dama a ƙasa, ya tsiyaya kananzir da man birki ta ciki, ya ce mu dawo gobe. Muka koma gida ba keke. Daren nan tuwon zafi da miyar ayoyo aka yi mana, amma bai sauka da daɗi ba.

Da hantsi muka koma. Tun da gefen kofin ya riga ya lalace a hannunmu, sufana ba ta da wurin kamawa, sai ya yi wata dabara. Ya ɗauko wani ƙaton ƙusa mai zare, ya zura shi ta cikin gidan boris ya fito ta ramin kofin, ya sa wasa ciki da waje, ya ɗaura noti ta waje. Yaro ɗaya ya riƙe kan ƙusan ta gefen hagu, biyu suka danne firem, shi kuma ya zura dogon bututun ƙarfe a hannun sufana ya shiga ɗaure notin. Hikimar ita ce, ɗaure notin da kwance kofin duk gefe ɗaya ake murɗawa, saboda haka duk ƙarfin da aka sa, notin yana ƙara cije kofin yana kuma jan sa waje. Ya ja, ya tsaya, ya ɗan bubbuga gidan da ƙaramar guduma, ya sake ja. Can sai muka ji ƙas! Gabanmu ya faɗi, muka ce firem ya tsage. Yaran suka bushe da dariya. Tsatsa ce ta saki.

Sauran aikin bai kai sa'a guda ba. Aka goge zaren da burushin waya, aka ga bai cinye ba, muka yi hamdala. Aka sa sabon kofi, boris 11 a kowane gefe, aka cika giris har a kan zaren, aka ɗaure na hagu daidai yadda sandar za ta juya ba tare da girgiɗi ba. Da muka zo biyan kuɗi, Baba ya karɓi na kaya da na aiki, ya ce, "Ku gaya wa Malam duk ƙarshen damina ya kawo shi a buɗe a sa mai."

Mun so mu wuce Salaga, tsohuwar kasuwar goro da kakanninmu suka yi fatauci, amma kwanakinmu sun ƙare a rumfa. Ranar da za mu koma Kumasi, bayan sallar asuba, Kawu ya ɗaura buhu biyu wofi a bayan keken, ya ce mu gai da mutanen gida, ya hau ya nufi gona.