Mararrabar Jos, Inda Tireloli Ke Kwana

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare ya san Mararrabar Jos: tireloli da tankoki jere a bakin titi, masu shayi na ta fifita wuta. Zauna kan benci ka kasa kunne, za ka ji wata Hausar daban. Gaban tirela "kai", bayanta "bodi", kayan da ta ɗauko "lodi". Ɗan kamasho ke haɗa direba da mai kaya, ya karɓi la'adarsa. Yaron mota kuwa, wanda ake raina wa da sunan karen mota, shi ke ɗaure tamfol, ya cusa weji ƙarƙashin taya. In ya manta wejin nan a gangara, mota da buhun siminti 600 sai ta silalo kan mutane.