Jeren Ɗaki a Disina: Abin da Iya Ke Dubawa Kafin a Shigo da Gado

A Disina, cikin ƙaramar hukumar Shira ta ƙasar Katagum, akwai wata tsohuwa da ba a cika yin jeren amarya a unguwarsu ba a aika mata ba. 'Yan mata suna ce mata Iya, sa'o'in ƙannenta kuma Yaya. Ƙarfin ɗaukar kaya ya daɗe da barinta, sai dai a ajiye mata kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa ta riƙa nuni da sanda. Duk da haka, komai zumuɗin 'yan jere, babu mai shigar da ko faifai sai ta gama duba abu biyu: ina gabas take, ina kuma taga.

Dalilinta na farko alƙibla ce. Daga wannan yanki Ka'aba tana gabas, an ɗan karkata arewa, don haka wurin shimfiɗa sallaya take fara warewa, sannan a raba sauran filin. A ganinta, ɗakin da sai an ja kujera kafin a yi sujada ba a gama jera shi ba. Gado kuwa tana so kansa ya kasance kudu, yadda mai kwanciya ta gefen dama zai fuskanci gabas, ba wanda zai miƙe ƙafa ga alƙibla. Haka take leƙa makewayi, saboda hadisin Abu Ayyub al-Ansari da ke cikin Bukhari da Muslim ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya wajen biyan buƙata. Maginan da can ba sai an tuna musu wannan ba.

Dalili na biyu sama ce. A ƙasar Guddiri, wato Katagum, kamar sauran arewa, hadari daga gabas yake tasowa, kuma bangon gabas ne ke fara zaizayewa a gidan ƙasa, shi ya sa ake ƙara masa yaɓe, ƙofa kuma a fi ba ta yamma ko kudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas da ƙurarta. Wadda ta jera kwanukanta a saitin tagar arewa, goga ba zai bar hannunta ba har bazara. Murhu ma akwai mazauninsa: inda iska za ta kwashe hayaƙi daga ɗakuna, tartsatsi kuma ba zai kai ga zana ko rumbu ba.

Wani jikanta ne ya nuna mata a waya cewa mutanen Sin suna da tsohon ilimi na tsara gida da ɗaki, fen shuwi, har da masanansa masu yawo da na'urar gane kusurwa. Ba ƙaramin abu ba ne a can. Fadar sarakunan Sin da ke Bejin, wadda aka kammala a 1420, kudu take kallo, ta juya wa iskar sanyin arewa baya. A Hong Kong, sai da aka nemi shawarar masana fen shuwi wajen gina hedikwatar bankin HSBC da aka gama a 1985. Iya ta saurara da kyau, ta yarda da rabi. Batun iska, haske da barin hanya a buɗe, ta ce ai shi take yi tun kafin a haifi uban yaron. Amma a ce madubi ko kwanon ruwa a wata kusurwa zai jawo arziki, nan ta ja baya: arziki na Allah ne, kuma ta ga matan da ɗakinsu ya tsaru tsaf suna cin bashin gishiri.

Inda bakinta ya fi buɗewa shi ne tarihin jeren kansa. Iyayenta da ƙorai aka kai su: manya a ƙasa, ƙanana a bisa, wasu a rataye cikin ragaya, sai tasoshi ga 'yar masu hali. A zamaninta kwano ya karɓi fage, langa da fanteka da samira da kwalla, ana gina su kan juna har su kusa taɓa rufi. Da farko daga waje ake kawo su, daga Turai da Hong Kong ɗin nan, kafin 'yan kasuwar Hong Kong su kafa masana'antun kwano a Najeriya, irin Nigerian Enamelware da aka buɗe a Legas a 1960. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga hannun ma'aikata a farkon 1975, sai gado mai rumfa da kabad mai gilashi suka fara isowa ƙauyuka, tangaran ya biyo baya, sannan kuloli da robobi.

Masu yi wa wancan jere dariya, in ji ta, ba su fahimci aikinsa ba. Kwanukan nan asusu ne. Mallakar matar ne, ba na miji ba. In rashin lafiya ta zo ko biki ya taso, sai ta zare saiti ɗaya ta ba dillaliya. In aure ya mutu, da kayanta take fita. In ta aurar da 'ya, daga jikin bangon ake fara cirowa. Kuma a jikin bango ɗaya suke tsaye, sun bar wa mutane tsakiyar ɗaki.

Kayan yau kuwa ƙasa suke ci. Ɗakin da aka saba ginawa ƙafa 12 ne tsawo da faɗi. Gado mai ƙafa 6 kowane gefe ya riga ya cinye kashi ɗaya cikin huɗu. A ƙara sif mai ƙofa uku, da madubi mai durowa, da kujeru saiti guda da aka ƙera don falon Kano, sai ka ga amarya tana shiga ɗakinta a karkace kamar mai ratsa gonar dawa. Kujerar kuma in ta shekara biyu, ko rabin kuɗinta dillaliya ba za ta taya ba. A nan marubucin nan yana bayan Iya: yawancin jeren yanzu don 'yan ganin ɗaki ake yin sa, waɗanda za su yi guɗa su watse kafin magariba.

Abin da ya fi tayar wa Iya da hankali shi ne toshe taga da bayan sif, don a nan kaɗai ya samu shiga. Ɗaki ya rasa iska a zafin Afrilu, da sanyi kuma a shigo da kaskon gawayi a rufe ƙofa. Hayaƙin gawayi da na janareta suna ɗauke da guba marar wari mai kashe mutum cikin barci, kuma ma'aikatan lafiya sun sha gargaɗi a kai. Gadon da aka matse tsakanin bango da kujera ba ya barin a soke gidan sauro ta kowane gefe, ga shi damina a yankin kogin Jama'are ba ta wasa da sauro.

Ga mai sana'a a cikin gida, hukuncinta gajere ne. Keken ɗinki ya zauna kusa da taga, almakashi da zare inda hannu zai kai ba a tashi ba. Mai ƙuli-ƙuli kada ta haɗa wurin suya da wurin wasan yara. Randa ta samu inuwa da yashi mai laima a gindinta.

Iyayen amarya da yawa ba sa son jin wannan, domin rage kaya a idon dangin miji kamar gazawa ne, kuma Iya ba ta raina wannan kunyar ba, ita ma ta aurar. Abin da take roƙo kaɗan ne: kafin a tafi wurin kafinta a Azare, a aika yaro da igiya ya auno ɗakin, ya ƙulla alamar inda ƙofa da taga suke, a ba kafinta igiyar tare da kuɗin.