Ziyarar Yini Guda a Wida

Tsakanin Zangon Agoè da garin Wida na Jamhuriyar Benin tafiyar kilomita 100 ce da 'yan kai. Da yawa daga cikinmu sun sha ratsa gefen garin a kan hanyarsu ta zuwa Kwatano ko Legas don fatauci, amma kaɗan ne suka taɓa sauka su ga abin da ke ciki. Wannan ya sa muka haɗa kuɗin mota, dattawa da mata da 'yan makaranta, muka ware ranar Lahadi guda don ziyararsa.

Mun tashi bayan sallar asuba, muka bi hanyar bakin teku ta Agbodrafo da Aneho, muka ƙetare iyaka daga Sanvee-Condji zuwa Hillacondji. A nan muka ƙara wa agogunanmu awa guda, domin Benin tana gaban Togo da awa ɗaya. Muka haye kogin Mono a wajen Grand-Popo, hantsi bai gama dubawa ba muka shiga Wida.

Wurin da muka fara tsayawa shi ne tsohuwar ganuwar Turawan Fotugal, wadda aka gina a 1721. Shekara 6 bayan haka, a 1727, Sarkin Dahome Agaja ya ci ƙasar Wida da yaƙi, tashar jiragen ta koma hannun masarautarsa. Abin mamaki, Fotugal ta ci gaba da riƙe wannan ɗan fili har 1961, shekara guda bayan Dahome ta sami 'yancin kai. Daga nan muka wuce Dandalin Chacha, kusa da gidan Francisco Félix de Souza, dillalin bayi ɗan Barazil wanda ya taimaki Sarki Gezo ya hau gadon sarauta a 1818, ya kuma mutu a Wida a 1849. A wannan dandali hanyar bayi ta fara, wadda ta miƙe kimanin kilomita 4 har bakin ruwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan guda ne aka loda a jirage daga wannan tasha kaɗai.

Mai yi mana ja-gora ya tsayar da mu zango-zango. Ya nuna mana gurbin wata bishiya da ya ce ana sa maza su kewaya ta sau 9, mata sau 7, wai don su manta da garinsu da sunansu. Ya nuna mana Zomai, inda ake kulle mutane cikin duhu har jirgi ya iso, da kuma Zoungbodji, inda aka yi alamar ramin da ake zuba waɗanda suka mutu kafin tafiya. A ƙarshen hanya, kan yashi, ga babbar ƙofar da aka gina a 1995 bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirin tunawa da hanyar bayi a garin a 1994. Ana kiranta Ƙofar da Ba a Komowa. Yaran da suka cika mota da surutu tun daga Lome, da suka tsaya a gabanta ga teku yana ruri, sai kowa ya yi tsit.

Mai karatu zai iya cewa wannan tarihin mutanen bakin teku ne, ina ruwan Bazazzage ko Bakano da shi? Akwai ruwansa ƙwarai. Bayan soma jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo a 1804, yaƙe-yaƙe sun yawaita a ƙasar Hausa da Nufe da Yarbawa, kuma da yawa daga cikin kamammun an gangaro da su kudu, hannu zuwa hannu, har tashoshin Wida da Porto-Novo da Legas. Mafi yawansu Bahiya ta ƙasar Barazil aka kai su noman rake. Can Hausawa suka shirya bore a 1807, suka sake tayarwa a 1809 da 1814. A daren 24 zuwa 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin Salvador, yawancinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito da fararen riguna suka gwabza da sojoji. An murƙushe su kafin gari ya gama wayewa. A jikin waɗanda suka faɗi da cikin ɗakunansu an sami layu da alluna da takardu masu rubutun Larabci, irin rubutun da 'ya'yanmu ke yi a makarantar allo, wasu kuma suna nan ajiye a taskar tarihi ta Bahiya.

Akwai kuma Mahommah Gardo Baquaqua, Musulmi ɗan garin Jugu a arewacin Benin, garin da fataken goro na hanyar Gwanja suka sani sarai. An fitar da shi ta gaɓar Wida wajen 1845, ya yi bauta a Barazil, ya kuɓuta a birnin New York na Amurka a 1847, aka buga labarin rayuwarsa a 1854. Bayan boren 1835 kuma, 'yantattu da yawa sun komo, suka zauna a Wida da Agoué da Aneho da Porto-Novo. Wasu daga cikin iyalan Lome masu sunaye irin na Fotugal zuriyar waɗannan ne. Ashe ƙofar ta sami masu komowa, ko da yake 'yan kaɗan ne.

Muna zaune a inuwar kwakwa bayan azahar muna cin guzurinmu, sai wani yaro ɗan shekara 12 ya tambaye ni: "Kawu, to su wa suka sayar wa Turawa da su?" Kafin in buɗe baki wani dattijo ya amsa masa: "Ɗana, mutane irinmu ne. Sarakuna suka kama, fatake suka saya, dillalai suka ci la'ada." Gaskiya ya faɗa. Kasuwar Salaga, wadda kakannin wasunmu suka baro bayan yaƙin basasar 1892 kafin su watsu zuwa Kete-Krachi da sauran zanguna, ba goro kaɗai ake ciniki a cikinta ba. A wannan tarihi muna da dangi cikin waɗanda aka ɗaure, muna kuma da su cikin waɗanda suka riƙe igiya. Idan muka ba yara rabin labarin muka ɓoye rabi, za su tashi suna ganin zalunci halin wasu ne can daban. Kuma har yau a cikin gidajenmu akan ji ana gorin asali, ana hana aure da cewa wane jikan bawa ne. Wanda ya taka waccan hanya da ƙafarsa, da wuya harshensa ya sake furta irin wannan magana cikin sauƙi.

Ga iyalan da ke son zuwa: a tanadi takardun shaida na kowa har da na yara, a ɗauki ruwa da yawa da lema, domin rana tana da zafi a kan yashin. A tashi da wuri don a komo kafin magariba. Wanda lokaci bai ba shi dama ba, ya tsaya a Agbodrafo, cikin ƙasarmu, ya kai yaransa gidan bayi da aka gina wajen 1835, su leƙa ƙarƙashin daɓen katakon inda ake ajiye mutane a wurin da ba a iya miƙewa tsaye.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka tafi ba su ga gida ba, Ya tsare mu daga cin zalin ɗan Adam, amin.