Bin Sawun Ruwan Kano Har Nguru

Mai neman digiri na biyu a fannin labarin ƙasa aji biyu gare shi: ɗaya mai allo da kujeru, ɗaya mai ƙura da sauro. Da muka kammala darussa a Jami'ar Bayero, na kare shawarar bincikena a gaban malaman sashe, sai malamin da ke duba aikina ya ce lokacin shiga aji na biyu ya yi. Batuna shi ne yadda ciyawar kacala ta mamaye fadamar Haɗeja da Nguru. Hotunan Landsat, jerin taurarin ɗan'adam da ke ɗaukar hoton duniya tun 1972, sun riga sun nuna mini kore yana yaɗuwa shekara bayan shekara. Abin da ba su iya faɗa ba shi ne wane kore ne shinkafa, wane ne kacala. Wannan sai an taka da ƙafa.

Na bar Kano cikin hunturu, da na'urar GPS ta aro da damin takardun tambayoyi, muka bi hanyar Gujungu zuwa Haɗeja. Wanda ya karanta ilimin ƙasa ba ya barci a wannan hanya. Yankin Kano yana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ruwan sama ke gangarowa a kansa ya taru ya zama kogi. Ana nausawa gabas sai dutsen ya nutse, rairayi da yumɓun kwarin Chadi su rufe shi, ƙasa ta kwanta shimfiɗe. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Haɗeja, kuma da ya shiga wannan shimfiɗa sai ya rasa gangaren da zai kore shi. Ya tarar da tsofaffin tuddan rairayi da iska ta jera tun zamanin da hamada ta kawo nan, ya rarrabu a tsakaninsu. Haka fadamar ta samu.

Nguru, a jihar Yobe, nan ne ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano, wanda ya iso a 1930 don kwasar gyaɗa da fatu da ƙaro. Na kwana a garin, washegari na nemi iso wurin bulaman wani ƙauye da ke bakin mashigar Marma, reshen kogin da ke zuba cikin tafkin Nguru. Ba a shiga ruwan mutane da takarda da biro ba tare da sallama ba.

"Allah ya ja zamanin bulama, ɗalibi ne ni, na zo tambaya a kan kacala."

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ka zo gidanta." Ya haɗa ni da wani dattijo masunci, ya ce duk inda ruwa ya bi ya sani.

Muka shiga kwalekwale da sanyin safiya. Ba mu yi nisa ba kacala ta rufe mu dama da hagu, ta fi tsayin mutum nesa ba kusa ba, ba ka ganin komai sai siririn sama. Hanyar da muke bi mutanen ƙauye ne suka sare ta da lauje da adda, aikin gayya, suna tsaye cikin ruwa har ƙirji. Dattijon ya jingine gora, ya sa hannu ya tumɓuko guda ɗaya ya miƙo mini. Saiwarta fara ce, mai kauri, tana tafiya a kwance cikin laka tana fitar da sabon tsiro a kowace gaɓa.

"Ka gani, ɗan nan? Ka sare sama, ƙasa na nan da rai. Da can rani ke kashe mana ita."

"Yanzu fa, Baba?"

"Yanzu ruwan ba ya tafiya."

Wannan magana ita ce ƙashin bayan kundina. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin na damina ne. Ya cika ya yi ambaliya wajen Agusta da Satumba, sannan ya janye. Manomi ya shuka shinkafa a ruwan, ya bi danshin da ya bari da wake da sauran amfanin rani. Masunci ya kama kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliyar. Bafulatani ya sauko da shanu kan sabuwar ciyawa. Fili ɗaya, sana'a uku, kowa da lokacinsa. Madatsun sun rage babbar ambaliyar, suka kuma riƙa sakin ruwa da rani saboda noman rani na Kadawa da na kwarin Haɗeja da kuma ruwan famfon birnin Kano. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa shi ne abin da kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, sai ruwan ya karkata ya kwanta a gonakin da ke wajen Marma, alhali waɗansu rassan da ke gangarawa wajen Gashuwa suna kukan ƙishi.

A kowane wuri na tsaya na ɗauki lambar GPS, na rubuta abin da ke tsiro, don in koma in koya wa kwamfuta bambance launukan hoton. Amma takardar tambayoyina ta yi wa amsoshin mutane kaɗan. Wani manomi ya nuna mini inda gonar mahaifinsa take, yanzu sai da kwalekwale ake zuwa. Da yamma na ga jan baki suna tasowa daga cikin kacalar, garke guda kamar hayaƙin gobara, suka nufi gonaki. Yara na kaɗa gwangwanaye da igiya suna ihu. Kacala ce makwancinsu. Masunta kuma sun ce tarwaɗa da karfasa na nan, amma sun shige inda taru ba ya shiga.

Ban bar yankin ba sai da na leƙa Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa da ke ƙasar Bade. Can na ga dinya da kirinjijiya tare da baƙin da suka ƙetaro Sahara daga Turai don gudun sanyi. Saboda irin waɗannan tsuntsaye ne aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Nijeriya. Ruwan da ya tsira daga fadamar yana haɗuwa da na kogin Jama'are ya zama Komadugu Yobe, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar ta wajen Diffa, ya faɗa tafkin Chadi. Ke nan abin da aka yanke a bakin madatsa a jihar Kano yana isa har tukunyar mutumin wata ƙasa.

Da na dawo, aikin tebur ya ɗauki watanni: haɗa lambobin da hotuna, zana taswira, gyara babi bayan babi. Ranar kare kundi, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya tambaye ni ko ina nufin a rushe madatsun ne. Na ce a'a, ranka ya daɗe, miliyoyin mutane ke sha suna ci daga gare su. Abin da taswirata ta nuna shi ne matsalar fadamar ta lokaci ce kafin ta zama ta yawa: ruwa na zuwa sa'ad da ya kamata ƙasa ta bushe, yana ƙaranci sa'ad da ya kamata ta cika. Shawarar da na bayar ita ce a tsara sakin ruwa yadda zai kwaikwayi ambaliyar damina, a bar rassan su sha iska da rani, a yashe hanyoyin da suka toshe, kuma a zauna da masunta da manoma da makiyaya na ƙasan kogi kafin a buɗe ƙofar madatsa, domin su ne ke fara ganin sakamakon.