Daga Ƙonni zuwa Lugu, da waya a aljihu

Na ƙetara iyaka ta Illela da hantsi, na shiga motar Dogon Dutsi a tashar Birnin Ƙonni. Kwaltar da muka hau kusan sawun rundunar Faransa ce ta Bule da Shanuwan, waɗanda suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙone garuruwa, har Ƙonnin kanta suka yi wa kisan kiyashi. Su gabas suka nufa, mu yamma. Tafiyar ba wani abin faɗa sai jandarmomi da ƙura.

Lugu nake nema, garin Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar a watan Afrilu na shekarar. Daga Dogon Dutsi ɗan kabu-kabu ya ɗauke ni, rairayi na kama tayar babur. A hanya ya zayyana mini labarinta tas, da kirarinta da yadda ta tsaya gaban mayaƙa. Na ce, wa ya ba ka? Ya ce a fim ya gani. Fim ɗin Med Hondo ke nan na 1986, wanda aka ɗora kan littafin Abdoulaye Mamani na 1980, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Aiki ne mai kyau, shi ya kai sunanta duniya. Sai dai labarin ya je birni ya sa riga, ya dawo gida yana neman danne na bakin tsofaffi.

A Lugu, tsohon da aka kai ni wurinsa bai ɓata lokaci ba. "Yaro, wanne kake so, na 'yan boko ko namu?" Na ce, "Baba, naku." Na aza waya kan tabarma, kusa da goron da na kawo. Kafin ya fara na roƙe shi ya faɗi wanda ya ba shi labarin, da wanda ya ba wancan, kamar yadda malamai ke jero isnadi. Nasu labarin ba shi da ado. Nasara sun zo, an gwabza, mutane sun janye daji, an cinna wa gari wuta. Sarauniya kuwa a wurinsu sarauta ce ta addinin Azna, mai riƙe da al'adun ƙasa, kuma ana ci gaba da naɗa ta bayan Mangu.

Dabarar da ta fi yi mini amfani malamin lakwal ɗin da ya yi mini jagora ne ya kawo ta. Ya ce kada in tafi da muryar tsohon da na naɗa, in sake ta da dare a dandali. Muka aro lasifika mai caji. Ba a yi nisa ba wata tsohuwa ta ɗaga hannu: "Tsai da shi nan! Ba ta wannan gefen aka fita ba." Gardama ta kaure, aka ambaci rijiyoyi da sunayen gidaje, aka tashi yaro ya kira wani makaho da aka ce ya fi kowa sani. Na bar waya tana ɗauka. Abin da na samu a wannan musu ya ninka hirar rana.

Tara irin waɗannan muryoyi ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun 1968 aka kafa a Yamai cibiyar da yanzu ake kira CELHTO, da goyon bayan UNESCO da ƙoƙarin Boubou Hama, kuma kaset-kaset na ajiye a can. A ganina kowane kaset yana da bashin komawa garin da aka naɗo shi, ta gidan rediyon karkara ko ta WhatsApp, tun ana da waɗanda za su ce ba haka aka yi ba.

Da zan wuce na bar kwafi wurin mai cajin waya na bakin kasuwa, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi a memori. Sharaɗi ɗaya tsohuwar ta kafa: duk wanda aka tura wa muryar Baba, a haɗa masa da tata.