Kafin ka saya wa yaro jirgi mai saukar angulu na telekomand



Duk lokacin da salla ta ƙarato, ko yara suka ci jarrabawa, teburan masu kayan wasa sukan cika da kwalaye masu hoton jirgi mai saukar angulu. Uba ya ƙirga jikkuna ya saya, yaro ya yi murnar wuni guda, kashegari jirgin yana ƙarƙashin gado da karyayyen fiffike. Sai a ce ai kayan China ne, ba su da ƙarko. Shekara uku ke nan ina tuƙa waɗanga ƙananan jirage idan na sauko daga aiki a gidan rediyo, kuma abin da na lura shi ne yawancinsu tun a wurin zaɓe ake kashe su. Kuɗi sun yi wuya a wanga zamani, shi ya sa na ga ya dace in zuba muku abin da na sani.

Mu da muka tashi muna ƙera mota da kara da langa-langa, mun san sha'awar abin da ke tashi sama. A lise, mushen fizik ya sha zana mana a allo cewa duk ƙarfin da ka tura wani abu da shi, shi ma yana mayar maka da irinsa. Mun hardace da Faransanci, mun ci jarrabawa. Amma ranar da na riƙe ƙaramin jirgi a hannu na ba shi wuta, na ji gangar jikinsa tana neman murɗewa zuwa hagu alhali fukafukansa suna juyawa dama, ranar darasin ya zauna mini.

Wanga murɗewa ita ce babbar matsalar kowane jirgi mai saukar angulu, babba ko ƙarami. Igor Sikorsky ya magance ta a Amurka a 1939 da jirginsa VS-300, inda ya sa ƙaramin fiffike a wutsiya don ya riƙe jikin kar ya juya. Na telekomand kuwa, wani Bajamushe mai suna Dieter Schlüter ne ya fara fitar da masu tashi sosai wajen 1970. Jiragen da za ka tarar a kasuwa sun rabu gida uku.

Na farko shi ne mai fukafukai hawa biyu, na sama yana juyawa dama, na ƙasa hagu, sai murɗewar ta kashe kanta. Idan ka saki sanda yakan tsaya cak a iska kamar yana jiran umarni. Wanga shi ne jakin koyo, ba ya kayar da mai hawa. Sanannen cikinsu shi ne Syma S107, wanda tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Na biyu shi ne mai fiffike hawa ɗaya da ƙarami a wutsiya, irin su WLtoys V911. Ya fi sauri, ya fi jure ƴar iska, amma yana son hannu a kansa kullum. Na uku shi ne na gwanaye, irin su Align T-Rex na Taiwan, wanda karkatar fukafukansa ke canzawa yana cikin tafiya, har ya iya tashi kai a ƙasa. Shi ne kuke gani a bidiyo yana alkafura. Fukafukansa sukan haura zagaye 2000 a minti ɗaya, suna iya yanka mutum kamar wuƙa. Don Allah, mai koyo ya yi nesa da shi.

Wani maƙwabcina ya dawo daga Dubai da wani zungureren jirgi ya ba ɗansa mai shekara tara. Bayan la'asar sai ga aike: “Malam, zo ka duba mana, ya ƙi tashi.” Na tarar ya tashi sau ɗaya, ya bugi katanga, haƙoran pinyon sun zube, sandar tsakiya ta lanƙwashe. Ya ce, “Ai na ga babba ne, na ce zai fi ƙarko.” Na ce, “Alhaji, giwa in ta faɗi ba kamar ƙadangare ba ce.” Ƙaramin jirgi ba shi da nauyi, zai faɗo sau ashirin a kan tabarma ka ɗauka ka karkaɗe ka ci gaba. Babba kuwa faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Har yau nasa yana saman almuwar, don ba a samu piyas ɗinsa ba.

Abu na gaba da za ka duba a kwali shi ne yawan kanal, galibi ana rubuta 3CH, 4CH ko 6CH. Kowane kanal umarni ɗaya ne. Mai uku yana hawa da sauka, yana juya hanci, yana gaba da baya. Mai huɗu ya ƙara da zamewa gefe, hagu ko dama, kamar jirgin gaske. Ga yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba, uku sun isa. Saurayi ko magidanci da ke son ya koya da gaske, ya fara da huɗu, don abin da hannu ya saba da shi a nan zai yi masa amfani a gaba. Ka tabbata kuma an rubuta akwai jiro a ciki, wata ƴar na'ura ce da ke jin jirgin ya fara juyawa ta gyara shi kafin kai ka ankara.

To ga inda aikina na rediyo ya shigo. Telekomand iri biyu ce. Akwai mai aiki da haske marar ganuwa, irin ta telbijin. Hasken rana yana ɗauke da irin wanga haske da yawa, don haka da ka fita tsakar gida da hantsi jirgin ya daina jin magana, ya kama gabansa. A ƙasar da rana take kamar tamu, wanga ba ƙaramin lahani ba ne. Tsohon S107 irin wanga ne, na cikin ɗaki ne kawai. Ɗayar kuwa tana aiki da zangon rediyo, za ka ga an rubuta 2.4G. Mu a FM muna tsakanin 87,5 da 108 megahas, ita kuwa tana can sama kusa da 2400, inda wifi yake. Rana ba ta dame ta ba, kuma yara biyu za su iya tashin jiragensu wuri ɗaya ba tare da umarnin wani ya shiga na wani ba. In da hali, ita za ka zaɓa.

Kafin ka biya, tambayi mai kanti: in fiffike ya karye, akwai wani? Akwai batiri na canji? Ƙaramin injin wutsiya fa? In ya ce babu, ka sani jirgin mako guda ka saya. Ni dai yadda nake yi, kuɗin da na ware nakan raba su uku: kashi biyu na jirgi, kashi ɗaya na fukafukai da batiri na biyu. Domin minti 5 zuwa 8 kawai ƙaramin jirgi ke yi a sama, sannan ya nemi kusan minti 40 zuwa 50 a kuran. A faɗa wa yaro haka tun farko, kar ya zaci ya lalace.

Batirin nan, da ake kira LiPo, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a gidajenmu. Ƙwaya ɗaya tana cika a bolt 4,2, kuma in aka tsotse ta ƙasa da 3 ta lalace. Ba ta son zafi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Kar a bar shi cikin mota a rufe, kar a sa shi a kuran da zarar jirgi ya sauka, a bari ya huce. Kar a yi cajinsa a kan katifa ko a kwana a bar shi, a ɗora shi kan siminti inda ido ke kai. In ka ga ya kumbura kamar fanke, aikinsa ya ƙare, kuma kar yaro ya huda shi da ƙusa don ya ga mi ke ciki, yana iya kamawa da wuta.

Wurin koyo, fara a falo, a kashe fanka, a kawar da ƙananan yara. Tsaya bayan jirgin, wutsiyarsa tana kallonka, don hagunka ya zama hagunsa. Da ya juyo hanci gare ka, komi ya juye, nan ne mafi yawa ke rikicewa. Satin farko kar ka nemi komi sai tsayawa wuri ɗaya a tsayin ƙugu. Kusa da ƙasa sosai iskarsa tana dawo masa, sai ya riƙa zamewa, shi ya sa ɗan ɗagawa ya fi sauƙi. In ka ga zai faɗi, sauke sandar wuta gaba ɗaya, fiffiken da ya tsaya ba ya saurin karyewa kuma inji ba ya ƙonewa. Lokacin hunturu a haƙura da waje: iska za ta kwashe shi, ƙura kuma ta shige haƙoran pinyon ta cinye su. In za a fita, sassafe ya fi, daga kan tabarma, ba kan yashi ba.

Saura magana mai nauyi. Halin tsaron da ƙasarmu ke ciki ya sa duk abin da ke shawagi a sama yana tada hankali. Kar ka kusanci filin jirgin sama, barikin soja, shingen jami'an tsaro ko taron jama'a da shi, ko da na wasa ne. Wata rana ina tashin nawa a wani fili, wani dattijo ya tsaya ya ce, “Ɗana, wanga abu hoto yake ɗauka?” Na sauke shi na miƙa masa, na ce, “A'a Baba, duba, ba shi da ido.” Ya jujjuya shi, ya yi dariya, ya zauna kallo. Tambayarsa tana kan hanya. Gidajenmu a buɗe suke ta sama, mata suna aikinsu a tsakar gida, makewayi da yawa ba rufi. Don haka ga mai farawa, a bar mai kyamara. Wanda sana'arsa ke buƙatar ɗaukar hoto daga sama, ya fara zuwa hukumar jiragen sama ta ƙasa, wato ANAC, ya ji ƙa'ida kafin ya sayi komi.

Iyaye, in kun saya, ku zauna ku koya tare da yaron. Ranar da fiffike ya karye, ku miƙa masa ƙaramin sukurdireba ya canza da hannunsa, ya ga pinyon, ya ga waya, ya tambayi dalilin da ya sa na sama da na ƙasa ba sa juyawa gefe ɗaya. Yaran da ke haɗa mota da gwangwanin madara ba basira suka rasa ba. Jika kaɗan da aka kashe da lissafi za su iya buɗe wa ɗayansu ƙofar da lakwal kaɗai ba ta buɗe ba.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu lafiya.